Wa Za Mu Mayar wa Kayan Idan Ya Lalace?

Duk mai shiga kasuwa a wannan yanki namu na arewacin Kamaru, daga Ngaundere har Kusiri, ya san tambayar da mai shago kan fara jefo masa tun kafin a zo maganar kuɗi: "Mai kyan kake so, ko dai wanda ake saye?" Cajar waya ce, ko ƙwan fitila, ko kwaɗon ƙofa, ko birkin moto, sai a jera maka guda uku, suna ɗaya, kwali ɗaya, farashi uku. Mai shagon ba ya ɓoye maka komai. Da bakinsa zai gaya maka cewa na ƙarshen nan da wuya ya ga wata biyu. Ka ji, ka kuma saya, domin iya abin da ke aljihunka ke nan. Mun saba da irin wannan ciniki har ya daina damunmu, alhali kuwa abu ne da ya kamata ya hana mu barci.

Idan aka zauna hira a majalisa, ko a tashar mota, amsar a shirye take: kayan Caina ne, ba su da aminci. Ni ban gamsu da wannan amsa ba, kuma ina ganin ita ce ke rufe mana ido. Ƙasar Sin tana ƙera kowane irin kaya, daga mafi nagarta har mafi lalacewa. Wayar da ke hannun minista a Yawunde can aka haɗa ta, haka ma cajar da ta ƙone wa ɗan kasuwar Marwa waya. Masana'antar da ke birnin Gwanzu na ƙasar Sin abin da aka yi oda take yi. Ɗan kasuwa ya je, a nuna masa samfur, ya ce ya yi tsada, mutanena ba za su iya ba. Sai a rage jan ƙarfen da ke cikin waya, a sirantar da roba, a rage zaren da ke cikin yadi, a sauya rini, har farashi ya sauko inda zai iya sayarwa ya ci riba. Mai wannan odar namu ne, da yawansu sahu ɗaya muke sallah da su. Shi kuma ba don mugunta kawai yake yi ba, ya san mai sayensa ba shi da kuɗi. To me ya sa mai sayen ba shi da kuɗi? Domin aikin da zai biya shi albashi, kaɗi da saƙa da rini da jima da ƙira, an kwashe shi an kai wata ƙasa. Rashin ingancin kayan da ake shigo mana da su ɗa ne ga mutuwar masana'antunmu, kuma duk maganin da bai taɓo uwar ba ɓata lokaci ne.

Auduga ce ta fi fito da wannan magana fili, saboda haka a kanta zan fi daɗewa.

Tun kafin Bature ya zo, ƙasar nan ƙasar saƙa ce. Mata na gurza auduga da hannu, su yi kaɗi da mazari, masaƙa su saƙa ƙwarya-ƙwarya, marina su tura a baba. Har ƙyallen saƙi ya taɓa zama kuɗin ciniki a kasuwannin Fombina, wato tsohuwar masarautar Adamawa, da ƙasashen Mandara. Kakanninmu da suka shigo Garwa da Marwa da Ngaundere a ƙarni na 19 ba fatauci kaɗai ya kawo su ba. A ayarin akwai masaƙa, akwai marina, akwai dukawa da maƙera da mahauta, kuma da sana'ar hannu aka kafa unguwannin Hausawa na garuruwan nan. A farkon shekarun 1950 kamfanin Faransa mai suna CFDT ya fara noman auduga na kasuwa a wajen Kaele. Bayan samun 'yanci, gwamnatin Ahmadu Ahidjo ta kafa masaƙar CICAM a 1965, kaɗi da saƙa a Garwa, rini da buga zane a Duwala. A 1974 aka kafa kamfanin auduga na SODECOTON, hedikwatarsa a nan Garwa, ya gaji aikin Faransawa. A shekarar ce kuma jirgin ƙasa ya iso Ngaundere. Ga siminti a Figil, ga kamfanin SEMRY da aka kafa a 1971 don shinkafar Yagwa, ga madatsar Lagdo da aka gama a 1982 don ta ba da wuta. Kowa na iya faɗin ra'ayinsa game da mulkin wancan zamani, amma tunanin da ke bayan waɗannan ayyuka a bayyane yake: abin da ƙasa ta noma, a sarrafa shi kusa da gonar. Manomi a Gidar ko Tuboro ya noma auduga, a gurza ta a garinsu, a kaɗa ta a saƙa a Garwa, matarsa ta ɗaura zanen.

Ku tambayi iyayenmu mata labarin atamfar wancan lokaci. Turmi ɗaya a ɗinka a sha biki da shi, ya tsufa ya koma zanen aikin gida, daga nan ya koma majanyin goyo, ya goyi yaro biyu ko uku kafin ya zama tsumma. Auduga ce zalla, tana shan gumi, kuma duk wanda ya san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Yawancin abin da ya cika kasuwa yanzu roba ce aka yi wa zanen atamfa. A rana tana dafa jiki, kusa da murhu tana narkewa ta manne a fata, wanki biyu kuma launi ya tafi.

Ba duk abin da aka gina a wancan zamani ne ya cancanci kuka ba. An kafa SODEBLE a 1975 don noman alkama a Wasande kusa da Ngaundere, aka zuba dukiya, aikin bai je ko'ina ba. Masana'antar takarda ta CELLUCAM a Edeya ko shekaru kaɗan ba ta yi tana aiki ba. An naɗa shugabanni saboda sanayya, an ɗauki ma'aikata fiye da buƙata, an ci kuɗin gyaran inji. Wannan duk ya faru. Sai dai da rikicin tattalin arziki ya zo a tsakiyar shekarun 1980, farashin mai da koko da gahawa da auduga suka faɗi, maganin da aka kawo bai tsaya tantance mai rai da matacce ba. Daga 1988 ƙasar ta shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya: a sayar, a rufe, a buɗe iyaka, gwamnati ta cire hannu. A 1993 aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta. Mai masana'anta ya ga kuɗin kayan gyara da sinadarin rini ya ninka, mai saye kuma ya ga albashinsa ya kasa kai shi tsakiyar wata. A wannan tsakanin ne gwanjo ya zama suturar kowa, har da ma'aikacin ofis. Da ƙasar Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, aka kuma ɗage ƙa'idojin kason tufafi na duniya a 2005, sai ruwan ya ɓalle gaba ɗaya. Ba mu kaɗai ya ci ba. Manyan masaƙun Kaduna da na Kano, waɗanda atamfarsu ke zuwa mana ta Mubi da Banki, a shekarun nan suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Yau ga inda muke. Arewacin Kamaru na noma auduga fiye da tan 300,000 a yawancin shekarun nan, manoma wajen 200,000 ke wannan aiki, kuma audugar hannu ce mai tsabta wadda masu saye a duniya ke yabawa. Amma abin da ake kaɗawa a cikin ƙasa bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Saura a ɗaure dila-dila, a loda a manyan motoci zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa ya kai Duwala, jirgin ruwa ya wuce da ita Asiya, Bangaladash da Sin da maƙwabtansu. Can za a biya mai kaɗi, a biya mai saƙa, a biya mai rini, a biya mai ɗinki, a biya bakanike da mai gadi da mai sayar musu da abinci a bakin ƙofa. Mu kuma abin da ya rage mana shi ne mafi wahala kuma mafi ƙarancin lada: noma, feshi, tsinka a rana, da bashin taki. Kason CICAM a kasuwar atamfa ta ƙasar nan, bisa lissafin da aka sha bayarwa a 'yan shekarun nan, bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Injunan sun tsufa, bashi ya yi yawa, aiki na tsayawa. Abin da ke riƙe da numfashinta shi ne atamfar bukukuwa, musamman ta ranar mata ta 8 ga Maris. Masaƙar da aka gina don ta suturta ƙasa ta koma jiran rana ɗaya a shekara. Ni wannan yana ci mini rai, domin ba a wata ƙasa abin yake ba, a garinmu ne, motocin dilar suna wucewa ta gabanmu.

Masu cewa mutanenmu ba sa son kayan gida, sai na waje suke ɗokin saye, su dubi man Diamaor. Daga anguryar wannan auduga ake tatsarsa a Garwa da Marwa. Matan gida sun san shi, sun yarda da shi, suna nemansa da suna, kuma kukansu a kansa ɗaya ne, ba ya isa kasuwa. Makiyaya ma rububin tunkuzar anguryar suke yi da rani. Idan kayan gida ya yi kyau, farashinsa kuma bai fi ƙarfin mutane ba, babu mai buƙatar a yi masa wa'azin kishin ƙasa kafin ya saya.

Amma asarar da ta fi damuna ba a cikin lissafin tan da kashi take ba. Wata maƙwabciyarmu ta aurar da 'yarta, aka fitar da anko, mata suka tara kuɗi aka saro atamfa. Bayan biki, wankin farko, ruwan baho ya koma ja, zanen ya koɗe, ya kuma ɓata sauran kayan da aka haɗa su. Ta ɗauka ta nufi wurin tela. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ni ɗinki kawai na yi." Ta wuce shagon da aka saya. Mai shago ya ce, "Wallahi Hajiya haka na saro shi, ni ma ban buɗe ba." Wanda ya sarar masa yana wani gari, shi kuma daga kwantena ya ɗauka, kwantenar kuma ta wani ce da ba a san shi ba. A bakin zanen an rubuta sunan Holan, kowa kuma ya san bai taɓa ganin Holan ba. Ta dawo gida da zanenta a leda. A duk jerin mutanen nan babu wanda ya yi mata ƙarya, babu kuma wanda zai biya ta.

Ku kwatanta da baduku na unguwa. Ya ɗinka maka takalmi, bayan mako biyu ya ɓalle, ka koma ka ajiye masa a gaba. Zai gyara, kuma ba zai karɓi ko sisi ba, domin sunansa da na ubansa suna cikin unguwar, gobe a masallaci za ku haɗu. Maƙerin da ya ƙera maka fartanya haka, mai zubin tukunyar dalma haka. Masana'antar gida ma, komai girmanta, tana da ƙofa, tana da shugaba mai suna, ana iya kai ƙararta, ɗan jarida na iya zuwa ya yi tambaya, hukuma na iya rufe ta. Inganci ba daga kyawun zuciyar mai ƙira kaɗai yake zuwa ba, yana zuwa ne daga sanin cewa za a dawo masa da kayan. Da muka bar masu ƙira na kusa suka mutu, mun rasa wanda za mu riƙe. Wanda ya yi cajar nan ba zai taɓa jin cewa ta ƙone waya a Marwa ba, ko ya ji ma babu abin da zai same shi.

Da abin ya tsaya a kan zane da caja, da sai mu ce asarar kuɗi ce. Amma ya kai ga rai. Wayar wutar da aka rage wa jan ƙarfe tana ɗaukar zafi a cikin rufi, kuma mun ga yadda gobara ke cinye kasuwanni da dare. Birkin moto na jabu yana ƙarƙashin yaran da ke ɗaukar matanmu da 'ya'yanmu kullum. Manomi ya sayi maganin feshi a kasuwar ƙauye, ya fesa, tsutsa ta ci gaba da cin gonarta. Magani kuwa shi ne mafi muni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi ko jabu ne ko bai cika inganci ba. A 2023 yara sun mutu a yankin Arewa maso Yamma na ƙasar nan bayan shan wani maganin tari na ruwa mai suna Naturcold, gwaji kuma ya nuna akwai guba mai kashe ƙoda a cikinsa. A nan arewa, inda ake tallar ƙwayoyi a faranti cikin rana tsaka, wa ya san adadin waɗanda suka tafi aka ce zazzaɓi ne ya yi tsanani?

Hukuma za ta ce ta yi tanadi. An kafa ANOR, hukumar kula da ingancin kaya, a 2009, an kuma fara tsarin duba kaya tun kafin a loda su a jirgi a 2016. Madalla da wannan. Sai dai tsari ne da aka yi shi don tashar jirgin ruwa da takardu. Mu kuwa kaso mai yawa na abin da muke amfani da shi ta daji yake shigowa, a bayan moto, a cikin kwalekwale, ta iyakar da ta miƙe daga tafkin Cadi har tsaunukan Adamawa. Shingayen da ke kan hanya kuma kowa ya san tambayar da ake yi a wurin, ba tambayar inganci ba ce. Mutumin Garwa da ya sayi wayar wuta ko taki yana shakka, ina zai kai a gwada masa? Hukumar da talaka bai san ofishinta ba, ba ta kare shi ba tukuna.

Akwai magana mai nauyi da ake yi a ɗaya ɓangaren, kuma ba zan raina ta ba. Kayan arahar nan su suka sa wa talaka waya a hannu. Su suka kai fitilar hasken rana ƙauyen da bai taɓa ganin turken lantarki ba. Moton Caina da na Indiya sun ba dubban samari abin yi, gwanjo kuma ya rufa wa gidaje da yawa asiri lokacin sanyi. Wanda ya ce a rufe iyaka gobe, bai yi tunanin mai 'ya'ya takwas ba. Mun ga abin da ya faru da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020: farashi ya hau, fasa-ƙwauri kuma bai tsaya ba, hanya kawai ya sauya. Don haka ba rufe ƙofa nake kira a yi ba. Abin da nake cewa shi ne a yi lissafin har ƙarshensa. Mai kuɗi yana sayen takalmi ɗaya ya shekara biyu da shi. Talaka yana sayen na roba sau huɗu a shekara, idan ka tara sai ka ga ya fi mai kuɗin kashewa, kuma kullum cikin tsinkakken takalmi yake. Araha ba ta ado, haka magabata suka ce, amma a yau ta wuce rashin ado, ta zama haraji da ake karɓa daga wanda ba shi da shi.

A nan dole in juyo kanmu, mu Hausawa, domin kasuwannin nan da yawa a hannunmu suke. Mu ne a layin 'yan atamfa, mu ne a kayan moto, mu ne a kayan wuta da na masarufi. Kowannenmu ya haddace hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Gaya wa mai saye cewa wannan ƙaramin inganci ne, wannan gaskiya ce, babu laifi. Amma a je a sa masana'anta ta buga sunan wani kamfani a kan kayan da ba nasa ba, ko a rubuta awon da bai cika ba a jikin waya, ko a sauya ranar lalacewar magani, wannan algus ne ko da an kira shi dabarar kasuwa. Ina roƙon malamanmu su riƙa faɗin wannan a mumbari da sunansa, kamar yadda suke faɗin na mudu da sikeli. Sannan ina tambayar manyanmu masu hali: har yaushe dukiya za ta tsaya a kwantena da gidajen haya da tireloli? Marigayi Alhaji Abbo ya nuna ana iyawa, da ya kafa Maïscam kusa da Ngaundere yana noma masara yana sarrafa ta a wurin. Alhaji Nana Buba ya tashi daga saye da sayarwa ya kafa masana'antar sabulun Azur. Amma a Duwala ya kafa ta, kuma duk mai hankali ya san dalili.

Dalilin shi ne wuta da hanya, kuma nan ne hakkin gwamnati yake. Jihohi uku na arewa sun daɗe suna rataye a wuyan Lagdo, madatsa mai ƙarfin megawat 72 a takarda, wadda ke kasa kaiwa ko kusa da haka idan ruwa ya ja baya. An ƙara tashoshin hasken rana a Gidar da Marwa, sun rage zafi, ba su warkar ba. An gama babbar madatsar Nachtigal mai megawat 420 a kudu, amma sai layin da zai haɗa kudu da arewa ya kammala kafin mu ga amfaninta. Injin kaɗi ba ya jure ɗaukewar wuta, zare tsinkewa yake, aikin yini ya lalace. Mai walda da mai niƙa da tela mai keken lantarki duk sun san wannan. Ga hanyar Ngaundere zuwa Garwa da ta Mora zuwa Kusiri, waɗanda suka shekara da shekaru suna cin tayoyi da rayuka. Duk wanda zai kafa masana'anta a nan sai ya biya kuɗin janareto, ya biya kuɗin lalacewar mota, ya biya haraji cikakke domin shi ana ganinsa, sannan ya yi gasa da wanda ya shigo da kaya ta daji bai biya ko dala ba. An rubuta batun maye gurbin kayan waje da na gida a cikin tsarin raya ƙasa na 2020 zuwa 2030, ana kuma maimaita shi a kowane jawabin kasafi. Mu a nan, a soket za mu gane ko da gaske ake.

Kuma gwamnati ita ce babbar mai saye a ƙasa. Kakin soja da na 'yan sanda da jandarma da ma'aikatan duwan, wato kwastam, zannuwan gadon asibiti, bandeji da audugar wanke ciwo, rigunan 'yan makaranta na ƙasa baki ɗaya, duk auduga ce. Da za a ce daga shekara kaza duk waɗannan sai da yadin da aka saƙa a gida, da masaƙa ta sami kasuwar da za ta je banki da ita ta karɓi bashin sabon inji. Ba mafarki ba ne. Burkina Faso ta ɗaga darajar saƙinta na hannu, Faso Dan Fani, tun zamanin Thomas Sankara, a 'yan shekarun nan kuma ta shigar da shi cikin kayan makaranta, dubban mata masaƙa na ci daga ciki. Jamhuriyar Benin ta gina yankin masana'antu a Glo-Djigbé inda ake kaɗa audugarta a saƙa a ɗinka, har ana fitar da riguna zuwa Amurka. Ba su fi mu auduga mai kyau ba. Shawara suka yanke, suka kuma tsaya a kanta. Sharaɗi ɗaya zan sa: duk masaƙar da aka ba wannan gata, ta gwamnati ce ko ta 'yan kasuwa, a riƙa gwada yadinta ana bayyana sakamako, domin kariya ba tare da bincike ba ita ta lalata na farko.

Labarin fata da shinkafa bai bambanta ba. Marwa ta yi suna a jima da dukanci har baƙi daga Turai ke zuwa sayen jaka da takalmi, ga shanu ga awaki ga tumaki, amma ƙirgi da yawa Najeriya yake tafiya a ci shi ganda, dukawanmu kuma suna ɗinki da ledar da aka shigo da ita. A Yagwa da Maga ana noma shinkafa, 'yan kasuwa su kwashe ta da ɓawonta su tsallaka iyaka saboda injunan casa ba su wadata ba, mu kuma mu sayi ta Indiya da Tailan wadda ta yi watanni a jirgi da sito.

Akwai abin da ba sai an jira Yawunde ba. Kowace babbar kasuwa tana da ƙungiyar 'yan kasuwa da shugabannin layi, suna sasanta rigima, suna tara kuɗin gadi. Za su iya sa doka a tsakaninsu cewa kayan wuta da kayan birki da magani ba a sayar da na ƙarshen nan ko da mai saye ya roƙa, kuma duk wanda ya sayar da kaya a matsayin mai kyau, ya rubuta a takarda, idan ya lalace cikin wata guda ya canza. Ɗan kasuwar da ya san za a dawo masa da kaya zai sauya irin odar da yake yi a Gwanzu da Dubai, masana'antar can kuma za ta yi masa abin da ya biya.

Abu na ƙarshe da ke buƙatar gaggawa shi ne mutane. Waɗanda suka yi aiki a masaƙar Garwa lokacin da take da ƙarfi, masu saita injin kaɗi, masu gane zare da taɓawa, kanikawa da masu gyaran wuta, yawancinsu sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Tsofaffin masaƙan hannu da marina ma saura ƙalilan, 'ya'yansu suna kan moto. A ɗaya gefen kuma Jami'ar Marwa tana yaye ɗalibai a fannin sarrafa yadi da fata, su fito babu inda za su taɓa inji. Majalisun jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa, waɗanda aka kafa tun 2020 aka ce raya tattalin arzikin yanki na cikin aikinsu, su nemo waɗannan dattawa tun suna da ƙarfi, a ba su alawus, a haɗa su da ɗaliban da makarantun koyon sana'a na Garwa da Marwa, a ware musu 'yan diloli daga audugar bana su fara aiki da ita.